Leonardo Sciascia: Malamin firamaren da ya fallasa alaƙar 'yan Mafiya da 'yan siyasa

A yawancin littattafan binciken laifi, ɗan sanda yakan bi sawun mai kisa har ya kama shi, kotu ta yanke hukunci, mai karatu ya rufe littafi hankalinsa kwance. Leonardo Sciascia, marubuci ɗan ƙasar Italiya, ya saɓa wa wannan tsari. A littattafansa ɗan sanda yana gano gaskiya, amma manyan ƙasa su binne ta.

An haifi Sciascia, wanda ake furta sunansa Shasha, ranar 8 ga Janairun 1921 a Racalmuto, wani ƙaramin gari a tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya. Garin ya dogara ne da haƙar farar wuta da gishiri, kuma mahaifinsa ma'aikaci ne a mahaƙar farar wuta. Daga 1949 ya koyar a makarantar firamaren garinsu, inda ya ga yadda talauci ke cin 'ya'yan leburori.

Littafin da ya fito da sunansa

A 1961 ya wallafa Il giorno della civetta, wato Ranar Mujiya. Labarin ya fara da harbe wani ɗan kwangilar gine-gine, Salvatore Colasberna, da sassafe a dandalin gari lokacin da yake ƙoƙarin shiga bas. Kafin jami'an tsaro su gama isowa, fasinjoji sun sulale, waɗanda suka rage kuma suka ce ba su ga komai ba.

Kyaftin Bellodi, baƙo daga arewacin ƙasar, shi aka ba binciken. Ya gano cewa an kashe mutumin ne saboda ya ƙi karɓar kariyar 'yan Mafiya. Ya bi zaren har ya kama ubangidansu, Don Mariano Arena. Sai dai Arena yana da iyayen gida a Rum, babban birnin ƙasar. Aka samo mutanen da ake ganin girmansu suka shaida cewa wanda ake zargi da harbin yana wani gari mai nisa a ranar, aka karkatar da binciken zuwa batun kishi, shari'a ta watse.

A lokacin, jami'ai da 'yan siyasa da dama suna musanta cewa akwai wata ƙungiya mai suna Mafiya. Sai a 1963 kwamitin majalisar dokoki na farko mai binciken ta ya fara aiki.

Ya ci gaba a kan wannan turba. A 1966 ya fitar da A ciascuno il suo, inda wani malamin makaranta ya shiga binciken kisa, aka kashe shi. A 1971 kuma Il contesto ya ba da labarin Sufeto Rogas da ke binciken kisan alƙalai ɗaya bayan ɗaya, har ya tarar da hannun masu mulki a ciki.

Shigarsa siyasa

A 1975 an zaɓe shi kansila a birnin Palermo a jerin 'yan takarar jam'iyyar Kwaminis, ya ajiye muƙamin a 1977. Bayan da ƙungiyar Red Brigades ta sace tsohon Firaminista Aldo Moro ta kashe shi a 1978, Sciascia ya rubuta littafi yana zargin shugabannin jam'iyyar Moro da yin watsi da shi. A 1979 ya shiga majalisar dokokin ƙasa, ya zauna a kwamitin binciken kisan.

Bai tsira daga suka ba. A Janairun 1987 ya rubuta a jaridar Corriere della Sera cewa wasu sun mayar da yaƙi da Mafiya tsanin samun muƙami, har ya kawo misalin naɗin mai gabatar da ƙara Paolo Borsellino. Jama'a da dama suka yi masa ca. Sciascia ya rasu a Palermo ranar 20 ga Nuwamban 1989 yana da shekara 68. A 1992 'yan Mafiya suka kashe Borsellino da bam, abin da ya sa har yau ake muhawara kan wannan rubutu.

Abin da ya shafi mai karatu a nan

Marubutan Hausa ma sun taɓa wannan fage. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982, ya yi magana kan fasa-ƙwauri da cin hanci.

Mutumin Shinkafi, Zurmi ko Ƙaura Namoda, inda 'yan bindiga suka sha ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi, ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa fasinjojin nan suka yi gum. Sciascia ya nuna cewa shaida yana rufe baki ne idan ya tabbata mai laifi zai dawo gari gobe, hukuma kuwa ba za ta kare shi ba. Ya kuma nuna cewa ƙwazon ɗan sanda ɗaya ba ya kai shari'a ko'ina muddin akwai mai ɗaga waya daga sama a saki wanda aka kama.