Abu Raihan Albiruni: Malamin da Ya Auna Zinariya da Ruwa

An haifi Abu Raihan Muhammadu ɗan Ahmadu Albiruni a shekarar 973 a gefen birnin Kath na ƙasar Khawarizim, wadda take cikin Uzbekistan a yau. Ya yi karatun lissafi da ilimin taurari a wurin Abu Nasar Mansur, ya kuma yi musayar wasiƙun ilimi da Ibnu Sina. Da Sarki Mahmudu ya ci Khawarizim da yaƙi a 1017, sai ya tafi da shi Gazna. Daga can ya shiga Indiya, ya koyi harshen Sanskirit, ya wallafa littafinsa kan al'adun Hindu wajajen 1030.

Cikin ayyukansa akwai awon nauyin ma'adinai gwargwadon girmansu, domin ido kaɗai ba ya raba tsantsar zinariya da wadda aka yi wa algus. Ya ƙera mazubi mai faɗin gindi da siririn wuya, da ɗan bututu kamar na buta. Yakan cika shi da ruwa, ya jefa miskali 100 na ma'adinin, ruwan da ya malalo ta bututun ya zuba a ma'auni. Gwama nauyin ma'adinin da na wannan ruwa shi ke nuna asalinsa. Ta haka ya gano zinariya ta ninka ruwa nauyi kusan sau 19, alhali awon zamani 19.3 ne. Haka ya yi wa azurfa da tagulla da dalma da yaƙutu. Ya yi bayanin duwatsu masu daraja a littafinsa Aljamahir, Alkhazini kuma ya adana awonsa a Mizanul Hikima wajajen 1121.

Dabarar ta dogara ne ga sharaɗi guda: kada abin ya sha ruwa. Zinariya ba ta sha, amma marmara da jan bulo suna da ƙananan kafofi da ruwa ke shigewa, sai abin da ya malalo ya gaza girmansu na haƙiƙa. Shi ya sa masu awo a yau suke jiƙa irin wannan dutse har ya ƙoshi, ko su lulluɓe shi da kaki, kafin su tsoma shi. Gyara ne a kan tushen da ya tabbata tun zamaninsa.

Albiruni ya rasu a Gazna wajajen 1050, ya bar littattafai fiye da 100.