Alhaji Umaru Salga: Marubucin da Ya Rayu a Wajen Fada

An haifi Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu a birnin Kano wajajen shekarar 1858, cikin zuriyar da asalinta Kabawa ne. Mahaifinsa malami ne, kuma falke, yana bin ayarin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. A Kano Umaru ya sauke Alƙur'ani, ya shiga karatun ilimi, sannan ya ƙaro a ƙasashen Kabi da Gwandu. Tun yana matashi ya riƙa bin ayari zuwa Salga, babbar kasuwar goro da ke arewacin Gana ta yau, har daga bisani ya zauna can. Wannan haɗuwa ta allo da fatauci ita ta tsara rayuwarsa. Manyan marubutan Daular Sakkwato, irin su Abdullahi ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello da Waziri Giɗaɗo, sun yi rubutu ne suna riƙe da mulki ko suna jingine da shi. Umaru kuwa bai gaji sarauta ba, babu baitulmalin da ke ciyar da alƙalaminsa. Abin dogaronsa shi ne almajirai da fatake da mazauna zango.

Littafinsa na farko da aka sani, wanda ya rubuta da Larabci a 1877 yana ɗan kimanin shekara ashirin, shi ne Al-Sarha al-Wariƙa fi Ilm al-Wathiƙa, jagora kan rubuta wasiƙa. A ciki ya jera samfuran wasiƙu, ya nuna yadda ake buɗe takarda da yadda ake rufe ta, da irin lafazin da ya dace da matsayin wanda ake aika wa. A zamanin da wasiƙa ke ɗauke da amana da bashi da neman izinin wucewa a ƙasar wani sarki, iya rubuta ta sana'a ce mai kawo abinci. Matashin ya fahimci cewa marubucin da ba shi da ubangida dole ya san mai karatunsa, ya auna kalmarsa gwargwadonsa. Wannan darasi, na daidaita magana da wanda ake nufi da ita, shi ya bi dukan ayyukansa: Larabci ga 'yan'uwansa malamai, Hausar ajami ga jama'ar zango.

A Salga ya kafa makaranta, kuma a nan ya sadu da Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, mai tattara rubuce-rubucen Hausa. Sai dai zaman bai ɗore ba. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Gwanja na Kpembe, kasuwar Salga ta watse, fatake suka bazu. Malamin da ke rayuwa da kasuwa, idan kasuwa ta tashi, shi ma sai ya naɗe buzunsa. Bayan 'yan shekaru Umaru ya sauka a Kete-Krachi, a gaɓar kogin Volta, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Jamusawa na Togo. A can ya zama limami, a can kuma ya yi sauran rayuwarsa. Rushewar Salga ba ta bar zuciyarsa ba, domin ya mayar da ita waƙar Larabci mai suna Tanbih al-Ikhwan fi Dhikr al-Ahzan.

Rashin ubangida ya ba shi damar faɗin abin da marubucin fada zai yi shakkar faɗa. Tsakanin 1899 da 1903 ya tsara waƙoƙi uku kan zuwan Turawa, biyu da Larabci, ɗaya da Hausa, wato Waƙar Nasara, inda ya lissafa garuruwa da sarakunan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. A Waƙar Talauci da Wadata ya zana yadda jama'a ke wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya, suke girmama mawadaci ko da ba shi da hali. Waƙar ba ta tsaya ga wa'azin lahira ba, ta kalli zaman duniya da idon wanda ya san kasuwa ciki da bai, abin da ya sa manazarta ke sanya ta cikin waƙoƙin Hausa na farko-farko masu sukar zamantakewa. Haka nan ya yi waƙa kan annobar murar 1918, ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙais zuwa Hausa.

Amma 'yancin yana da farashinsa. Umaru ba shi da maɗaba'a. Ayyukansa sun yaɗu ne ta hannun almajirai masu kwafa, kuma kowane kwafi na iya zuwa da ragi ko ƙari. Hanyar ɗab'i da ta buɗe masa ta biyo ta hannun masu mulkin da ya yi wa waƙa. Adam Mischlich, jami'in Jamus a Kete-Krachi, ya nemi ya rubuta masa bayanai kan tarihi da al'adu da sana'o'in ƙasar Hausa. Umaru ya rubuta shafuka masu yawa na zube da ajami, Mischlich ya buga wasu daga ciki a Berlin tare da fassarar Jamusanci, ya kuma fitar da ƙamusunsa na Hausa a 1906. Ta haka rubutun ya tsira, amma ya shiga ɗakunan karatu na Turai ƙarƙashin sunan wani, cikin mujallun da Hausawa ba sa gani. Haka fassararsa ta Imru'ul Ƙais ta fito a 1934 ta hannun R. S. Rattray.

Ya tafi aikin hajji a 1913, ya dawo ya ci gaba da koyarwa, almajiransa suka bazu a zangunan Gana da Togo. Ya rasu a Kete-Krachi a 1934, shekarar da littattafan gasar Hukumar Fassara ta Zariya, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, suka fara fitowa. Daga nan tarihin zuben Hausa ya saba farawa, alhali shekaru talatin kafin haka Umaru ya riga ya rubuta zube mai tsawo da tsari. Tsohon garin Kete-Krachi kansa ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960.

Dawo da sunansa ya ɗauki lokaci. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara kwafe-kwafen ayyukansa daga hannun malamai. A 1973 Douglas Ferguson ya gabatar da kundin digirinsa na uku a Amurka kan bayanin da Umaru ya yi na ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw ya yi littafi a kansa a 1981, sannan ya buga zubensa na ajami a 2000. Mafi yawan wannan aiki da harsunan Turai aka yi shi. Mutumin da ya fara da koya wa mutane yadda za su isar da takarda ga mai ita, har yau zubensa na Hausa bai isa hannun ɗaliban Kano, garin haihuwarsa, cikin bugun boko mai sauƙin samu ba.