Likita Mila na Zariya, Uban Yaran da Ba Shi Ya Haifa Ba

Yayin da muke shirin Kirsimati mun ga ya kyautu mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda ba ɗan Ekklesiyar Katolika ba ne, amma duk wanda ya taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa ya ci moriyar guminsa. Sunansa Walter Miller, mutanen Zazzau kuwa sun san shi da Likita Mila.

An haife shi a shekara ta 1872 a garin Honiton na ƙasar Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta Angilikan da ake kira CMS. Kafin ya tako ƙasarmu sai da ya je Tarabulus, a bakin Bahar Rum, inda akwai Hausawa fatake da masu niyyar aikin hajji, ya zauna cikinsu yana koyon harshe. Ya gane tun da fari cewa wanda bai ji maganar mutane ba, ba shi da abin da zai faɗa musu.

A shekara ta 1900 ya biyo Bishop Tugwell, su biyar, suka keto ƙasa daga Legas har Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu, ciwo kuma ya raunana sauran. Ga idon mutum, tafiyar ta watse ke nan. Amma Likita Mila ya sake dawowa, a 1905 kuma ya sami zama a cikin birnin Zariya. Wannan ya faru shekara biyu kafin Fada Oswald Waller da 'yan'uwansa na SMA su isa Shendam a 1907, inda aikin Katolika ya kafu a Arewa.

A Zariya ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Yara suna kwana a gidan mishan, suna ci a nan, suna koyon karatu da rubutun boko da lissafi da Turanci. Koyar da Turancin nan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. Turawan mulki suna ɗari-ɗari da shi a Arewa, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ma da Hausa ta soma koyarwa. Shi kuwa Likita Mila, ko da yake yana ƙaunar Hausa har ya rubuta littafin koyonta, ya ga cewa Turanci shi ne harshen ofis da na karatu mai zurfi, yaron da aka hana masa shi an rufe masa ƙofa.

Wajen 1913 waɗansu mutane suka zo wurinsa daga cikin Isawa, wato mabiyan Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, almajiransa kuma suka watse zuwa wajen Ningi. Da yawansu suka karɓi baftisma, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda tsando ke kawowa, ya faɗa wa ƙauyen ya kwashe mutane da yawa. Aka kai yaran da suka ragu makarantar Zariya, makaranta ta zama musu gida.

Likita Mila bai taɓa yin aure ba. Shekara bisa shekara Kirsimati da Ista suna samunsa nesa da ƙasarsa, a cikin birnin da babban bikinsa shi ne Salla. Iyalin da ya yi waɗannan idodi da su, su ne yaran nan. A nan ne muke ganin ma'anar abin da muke biki dominsa: Ɗan Allah da bai sami masauki a Baitalami ba yana samun masauki duk inda aka buɗe wa maraya ƙofa.

A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa. Makarantar ta ci gaba, ta kuwa ba da 'ya'ya. Daga cikinta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na fari daga Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga baya Farfesa Ishaya Audu ya bi ta can, shi ne ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi.

Babban aikin da ya ci masa shekaru shi ne fassara. Tare da abokan aiki Turawa da Hausawa, ya yi ta fama har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Fassarar da muke karantawa a Misa yau sabuwa ce, amma waccan ce ta share mata hanya.

Ba za mu ɓoye rauninsa ba, gama mutum tara yake bai cika goma ba. Yana da kaifin harshe. Ya soki sarakuna da Turawan mulki a fili saboda zaluncin da ya ga ana yi wa talakawa, cikin wannan akwai gaskiya. Amma sau da yawa maganarsa a kan addinin maƙwabtansa ta yi tsanani, ta rufe ƙofofin da haƙuri zai iya buɗewa. Majalisar Batikan ta Biyu a 1965 ta koya mana mu dubi Musulmi da girmamawa, mu kuwa da muke cin kasuwa ɗaya da su, muna shan rijiya ɗaya, mun san amfanin wannan koyarwa.

Bayan ya bar aikin CMS ya koma Ingila, amma zuciyarsa ba ta zauna ba. Ya dawo Nijeriya ya zauna a Bukuru kusa da Jos, a nan ya rasu a 1952 yana da shekara 80.

To, ina abin ya shafe mu? A ƙauyukanmu na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa mu 'yan kaɗan ne, kamar yadda jama'ar Likita Mila take a Zariya. A cikinmu akwai yaran da iyayensu suka rasu, akwai waɗanda aka cire daga makaranta saboda kuɗin littafi, akwai waɗanda Kirsimati zai zo ya wuce ba wanda ya ɗinka musu riga. Ba za mu zauna jiran wani baƙo ya ƙetaro teku dominsu ba. Muna roƙon kowane gida, da Zumuntar Mata, da matasa, da katikis na kowace majami'a, su san marayun da ke kusa da su. Wanda ya iya karatu ya zaunar da yaro ya koya masa, wanda ya dafa shinkafar idi ya ƙara kwano ɗaya. Ranar 28 ga Disamba kuma, idin jariran da Hirudus ya kashe, mu kawo su gaban bagade mu yi addu'a tare da su.

Allah ya ba Likita Mila hutawa ta har abada, mu kuma ya ba mu zuciyar karɓar yaro cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.