Malam Aminu Kano: Marayan da ya riƙe Ma'aikatar Lafiya

Duk wanda ya taso daga Unguwa Uku ya nufi cikin gari ta titin Zariya, zai wuce ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke daura da Gyaɗi-Gyaɗi, a Ƙaramar Hukumar Tarauni. An kafa asibitin a 1988, shekara biyar bayan rasuwar mai sunan. Jama'a sun fi sanin marigayin da gwagwarmayar siyasa, amma akwai wani ɓangare na tarihinsa da ya cancanci a yi masa duban tsanaki.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu masanin shari'a ne daga zuriyar Gyanawa. Mahaifiyarsa Rakiya, wadda ta fara ɗora shi a kan karatun Alƙur'ani, ta rasu a wajen haihuwa yana ɗan shekara shida, sai riƙonsa ya koma hannun kakarsa. Ke nan tun yana yaro ya ɗanɗani irin rashin da har gobe dubban gidaje ke ɗanɗana a Arewa.

Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi, sannan ya ƙaro ilimi a Landan a 1946. Bayan ya dawo ya koyar a Maru, daga nan ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi jam'iyyar NEPU, wadda ya jagoranta. Cikin abubuwan da ya tsaya a kansu tsayin daka akwai ilimin mata da ba su damar jefa ƙuri'a, a zamanin da faɗin haka kan jawo wa mutum baƙin jini. Tare da irin su Hajiya Gambo Sawaba aka sha wannan fama, kuma sai a 1979 matan Arewa suka fara zaɓen shugabannin tarayya.

A gwamnatin Janar Yakubu Gowon, Malam ya riƙe muƙamin Kwamishinan Sadarwa daga 1967, sannan ya koma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1971 zuwa 1974. Yana kan wannan kujera aka yi ƙidayar jama'a ta 1973, wadda ta ba da kusan mutum miliyan 80. Rigimar siyasa ta dabaibaye sakamakon, domin kowane yanki na kallon yawan jama'a a matsayin tsanin samun kujeru da kason arziki, har Janar Murtala Muhammad ya soke shi a 1975. Haka aka yi watsi da ƙidayar 1962. Abin lura a nan shi ne, ma'aikatar da ba ta san yawan mutanenta ba, ta yaya za ta san unguwarzoma nawa take buƙata, ko jini leda nawa za ta tanada?

Amfanin ƙirga na gaskiya ya fito fili a Zariya. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello daga 1976 zuwa 1979. Binciken ya nuna cewa matan da ba su zuwa awo, sai abu ya ƙazance a garzayo da su, su suka fi rasa rayukansu nesa ba kusa ba, kuma ilimin mace babbar garkuwa ce gare ta. Wato dai alƙaluma sun gaskata kiran da Malam ya daɗe yana yi.

Shekaru da dama bayan haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a kowace haihuwa 100,000, yayin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙiyasta 1,047 a 2020, wato mata kusan 82,000 a shekara guda. Bambancin hanyar lissafi ne ya haifar da wannan rata, kasancewar akasarin mace-macen da ke aukuwa a gida ba a yi musu rajista. To amma inda babu sahihin kundi, mai mulki kan zaɓi adadin da zai wanke shi, ɗan adawa ya ɗauki wanda zai ɓata shi, talaka kuwa ya ci gaba da binne matarsa. Mai ɓoye ciwo, ai ciwo ne zai tona shi.

Malam ya kafa PRP a 1978, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, kuma ya zaɓi mace, Bola Ogunbo, ta mara masa baya a zaɓen 1983. Allah bai nufa ya ga zaɓen ba, domin ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983.

Masu tutiya da sunansa suna da yawa. Idan da gaske suke, to su tabbata an rubuta sunan kowace mace da ta rasu a kan gwiwa, an binciki dalili, an kuma bayyana wa jama'a adadin ba tare da ragi ba, ko da zai zubar musu da ƙuri'a. Allah Ya jiƙan Malam da mahaifiyarsa, Ya sauki iyayenmu mata lafiya, amin.