Alhaji Abubakar Imam, Mai Magana Jari Ce

A cikinmu masu son labaran aljanu da sarakuna, kowa da gwaninsa: wani Alfu Laila, wani Kalila wa Dimna. Amma in aka zo ga na Hausa, ba a wuce Alhaji Abubakar Imam.

An haife shi a Kagara ta Najeriya a 1911, a gidan malamai. Ya yi karatun allo da Larabci kafin ya shiga Kwalejin Katsina. Yana koyarwa ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i uku. A na farko, aku ne ke riƙe Musa ɗan sarki da labarai don kada ya faɗa tarkon Waziri. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya a 1981.

Ƴan'uwa, wasu labaran nan fa daga littattafan Larabci ya ɗebo su, ya mayar da su namu. Ashe nahawun da muke ta ƙorafi a kansa mabuɗi ne. Allah ya jiƙansa, amin.