Jackie Sato: Sarauniyar kokawa da ta sauya fuskar 'yan kallo a Japan

A tsakiyar shekarun 1970, kokawar mata a ƙasar Japan wasa ne da maza suka fi zuwa kallo, kuma masu yin ta ba su da wani kwarjini a idon jama'a. Cikin shekara uku kacal wata matashiya mai suna Naoko Sato, wadda duniya ta sani da Jackie Sato, ta juya wannan lamari, har 'yan mata 'yan makaranta suka riƙa cika dandali suna kiran sunanta.

An haifi Sato ranar 30 ga Oktoban 1957 a birnin Yokohama. Doguwa ce, kuma ta buga ƙwallon kwando tun tana ɗaliba. A 1975 ta shiga All Japan Women's Pro-Wrestling, kamfanin kokawar mata da 'yan gidan Matsunaga suka kafa a 1968. Karawarta ta farko da Maki Ueda ta yi, yarinyar da ƙaddara ta ɗaure sunayensu tare har abada.

A Fabrairun 1976 kamfanin ya haɗa su a matsayin abokan tafiya, aka raɗa musu suna Beauty Pair, kuma suka lashe kambun duniya na kokawar bibbiyu. Sai aka ƙara musu da waƙa: kafin a fara gumurzu sukan hau dandali su rera, su taka rawa. Faifansu na Kakemeguru Seishun ya samu karɓuwa matuƙa, gidan talabijin na Fuji kuma ya kai su kowane gida. Sato, da gajeren gashinta da tsayuwarta irin ta jarumai, ita ce ta fi sace zukatan 'yan mata, waɗanda suka ga cewa mace ma tana iya ƙarfi a yaba mata.

Sai dai ɗaukakar tana da farashi. Kamfanin ya haramta wa 'yan wasansa giya da taba da soyayya, yana zagaya ƙasa da su kusan kullum, sannan yana sallamar mace da zarar ta kai kimanin shekara 25. Ko abota ma ba ta tsira ba. A Nuwamban 1977 Sato ta karɓe kambun duniya daga hannun Ueda. Ranar 27 ga Fabrairun 1979 aka sake gwabza su a babban zauren Budokan da ke Tokyo, bisa sharaɗin duk wadda ta sha kaye ta bar sana'ar. Sato ta yi nasara, ta kuma rasa abokiyar tafiyarta a dare guda.

Sau uku ta riƙe kambun duniya. A Fabrairun 1981 wata matashiya, Rimi Yokota, wadda daga baya ta yi suna da Jaguar Yokota, ta raba ta da shi. A watan Mayu na shekarar Sato ta yi ritaya tana da shekara 23.

Ba a nan labarinta ya tsaya ba. A 1986 ta dawo fage a matsayin jigon sabon kamfani, Japan Women's Pro-Wrestling, wanda ya karya babakeren tsohon gidanta, bai kuma ɗora wa mata dokar shekaru ba. Amma dawowar ta zo da ɗaci. Irin wannan kokawa akan tsara yadda za ta ƙare tun kafin a hau dandali, to amma karawarta da Shinobu Kandori, tsohuwar gwanar judo, a Yulin 1987 ta rikiɗe ta zama faɗa na gaske, Sato ta sha kashi. A 1988 ta ajiye kokawa baki ɗaya.

Ciwon daji na ciki ya yi ajalinta ranar 9 ga Agustan 1999, tana da shekara 41. Turbar da ta share ita ce Chigusa Nagayo da Lioness Asuka suka bi har suka girgiza Japan a shekarun 1980. Kamfanin da ya fara fito da ita ya rufe a 2005, amma a lokacin kokawar mata ta riga ta samu gidaje da yawa, inda mace kan yi sana'arta har ta haura shekara 40 ba tare da an nuna mata ƙofa ba.