Likita Walter Miller: Mutumin da Ya Ajiye Aiki, Bai Ajiye Mutane Ba

A ikkilisiyoyinmu na Kano akwai dattawa da yawa da suka kusa ajiye aiki. Dokar aikin gwamnati ta ce idan ma'aikaci ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, sai ya yi ritaya. Daga nan tambayoyi kan taso. Wanda ya yi rabin rayuwarsa yana haya a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, zai koma ƙauyen da ya bari tun yana saurayi ne, ko zai zauna inda 'ya'yansa suka girma? Wa zai riƙa leƙo shi idan abokan ofis suka daina kira? Tarihin Likita Walter Miller, ɗaya daga cikin waɗanda suka fassara mana Littafi Mai Tsarki, zai taimake mu yin tunani a kan wannan.

Zuwansa ƙasar Hausa

An haifi Walter Miller a Ingila a shekarar 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya taka ƙasar Hausa, sai da ya je Tarabulus, inda fatake da mahajjata Hausawa suke yada zango, domin ya koyi harshen daga bakin masu shi. A can ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Audu, wanda daga baya ya zama kamar ɗa a gare shi.

A shekarar 1900 ya biyo ayarin Bishop Herbert Tugwell, su biyar, suka taso daga Legas har Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar garin. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. A idon mutane tafiyar ta faɗi. Amma Miller ya sake dawowa, a 1905 kuma ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Nan ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Gidan da ya cika da 'ya'yan wasu

Miller bai taɓa yin aure ba, amma gidansa bai rabu da yara ba. Akwai waɗanda aka 'yanta daga bauta, akwai marayu, akwai waɗanda iyayensu suka kawo domin karatu. Ya ci da su, ya koyar da su, ya yi jinyarsu. Wasu daga cikinsu har suka ɗauki sunansa, shi ya sa ake samun iyalan Hausawa masu suna Miller har yau. 'Yar'uwarsa Ethel ta yi hidima tare da shi, daga baya kuma ta zauna shekaru da dama a Kano.

A 1913 wasu daga cikin Isawa, mutanen da tun kafin zuwan Turawa suke girmama Annabi Isa ƙwarai, suka zo wurinsa neman ƙarin sani. Waɗanda suka ba da gaskiya suka kafa gari a Gimi. Ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa, sauran suka watse. Yara da dama daga cikinsu suka ƙare a makarantar mishan. Daga wannan al'umma ta Zariya da Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Ba za mu ɓoye ba, Miller mutum ne mai kaifin harshe da tsayawa a kan ra'ayinsa. Ya sha saɓani da jami'an mulkin mallaka, da sarakuna, har da abokan aikinsa. Duk da haka yaran da ya raina ba su yashe shi ba, domin sun ga ƙaunarsa a aikace.

Sakin ragama

A 1929 aka mai da tashar mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da jar ƙasa, irin ginin Hausawa. Jagorancin wurin ya koma hannun matasa irin su Guy Bullen, wanda Miller ya girme shi da fiye da shekara 20. Shi kuwa ya mai da hankali ga fassara. Tare da ma'aikatan sauran ƙungiyoyin mishan da mataimaka Hausawa, aka kammala Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, aka buga shi a 1932.

A 1935 ya ajiye aiki da CMS. Yana da shekara 63, ya kuma yi shekara 35 daga zuwansa na farko, daidai da abin da ma'aikacin gwamnati yake yi a yau. Ya koma Ingila, ya shiga rubuta littattafai a kan abin da ya gani a Arewa.

Amma zaman bai yi masa ba. Ingila ce ƙasar haihuwarsa, sai dai mutanensa suna nan. A 1939, yana da shekara 67, ya dawo Najeriya, ba da sunan wata ƙungiya ba, ba kuma da wani muƙami ba. Ya ci gaba da rubutu a kan makomar ƙasar nan, yana faɗin ra'ayinsa ba tsoro. A Bukuru kusa da Jos ya ƙarasa kwanakinsa, ya rasu a 1952 yana da shekara 80.

Abin da za mu koya

Na farko, abin da zai riƙe mutum bayan ritaya ana shuka shi ne tun yana kan aiki. Miller ya sami wurin dawowa saboda ya yi shekaru yana zama da mutane, yana jin harshensu, yana cin abincinsu. Ma'aikacin da bai san maƙwabcinsa ba sai direbansa da masinjansa, ran da ya miƙa makullin ofis zai ga gidansa ya yi tsit. Zumunci a ƙafa yake. Ka fara tun yanzu, da 'yan'uwa masu bi da maƙwabta Musulmi duka.

Na biyu, gida shi ne inda akwai waɗanda suka san ka, suke kuma ƙaunarka. Wani komawa ƙauye ce alheri gare shi. Wani kuwa abokansa, da majami'arsa, da asibitin da yake karɓar magani duk suna nan kan titin Zariya. Kada kunyar abin da dangi za su ce ta yanke maka shawara. Ku zauna da matarka ku yi addu'a, ku yi lissafi tare, gama ita ma tana da ƙawayenta da zumuntar matan da ta saba da su.

Na uku, a saki kujera idan lokaci ya yi. Wusasa ta ci gaba a hannun wasu, Miller kuma ya sami sarari ya gama aikin da ya fi kowane daɗewa. Dattijon ikkilisiya da ya ƙi ba matasa wuri yana tauye su, yana kuma hana kansa sabuwar hidima.

Na huɗu, ritaya ƙarshen albashi ce, kiran Allah kuwa yana nan. Zabura 92 ta kwatanta masu adalci da itatuwan da suke ba da 'ya'ya har cikin tsufa. Tsohon malami zai iya koya wa yaran unguwa karatu da yamma. Tsohuwar nas za ta iya auna wa gwauraye hawan jini bayan sujada. Tsohon akawu zai iya daidaita littafin baiko.

Mu kuma da muke da sauran ƙarfi, akwai hakki a kanmu. Fansho yakan yi jinkiri, 'ya'ya sukan yi nisa. Bari kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen dattawanta da suka ajiye aiki, ta sa masu ziyartarsu kowane mako, ta kuma ba su abin yi daidai ƙarfinsu.

Ubangiji ya ba iyayenmu tsufa mai albarka, ya sa kada ko ɗayansu ya rasa mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Amin.